Minti Arba'in a Ƙofar Baba Bawa

Jibiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya kuma tsare ku a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi, har ta koma faɗanta na kullum, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta. Geron Gangara ya yi kyau bana, sai dai ba kowace gona ake iya zuwa ba.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don in na kira ka a waya murya za ta tona ni. Na faɗi jarrabawar nan. Shekara ashirin da biyu ke nan ina yi wa baƙi jagora, masu bincike da 'yan yawon buɗe ido, tsakanin Katsina da Maraɗi. Rufe boda da rashin tsaro sun kore yawancinsu. 'Yan kaɗan da suka rage kuma, kamfanonin da ke turo su suka haɗa baki cewa daga bana ba za su ƙara damƙa baƙo a hannun wanda ba shi da takardar shaidar horo ba. Na tafi Katsina na zauna a benci wata uku, ni da furfurata. An koya mana taimakon gaggawa, da karanta taswira, da tsara lokaci. Ban raina ba, wallahi na ƙaru. Jarrabawar rubutu ma na haye da ƙyar, duk da Turancina na bakin boda ne.

Saura ta fili. Malamai uku suka zama baƙi, aka ba ni awa ɗaya in kai su tsohuwar rijiyar fatake da ke Daddara, in yi bayani, in dawo da su mota. Har dariya na yi a zuci, don ko ido rufe sai in kai mutum rijiyar nan. Ka tuna Baba Bawa, aminin marigayi Babanmu, wanda rijiyar ke bayan gidansa? Duk labarin ayarin da nake cin abinci da shi, a bakinsa na ɗauka. Muna isa na ga tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune. Ashe matarsa Inna Hajjo ce ta rasu, dawowarsu ke nan daga maƙabarta. Hanyar rijiya kuwa ta gaban zauren take bi.

Shugabar malaman ta nuna mini agogo, ta ce mu zagaya ta bayan shinge. Yaya, ta yaya zan raɓa ta bayan gidan mutumin nan kamar ɓarawon akuya, alhali matar da ta sha dama mini fura yanzu aka rufe ta? Na tuɓe takalmi na zauna. Aka yi addu'a. Tsohon ya kama hannuna ya ƙi saki, yana cewa ko shekaranjiya Hajjo ta tambaye ni. Aka kawo wa baƙina ruwa, na roƙe su su sha. Da muka miƙe, minti arba'in sun tafi. Rijiyar leƙa ta kawai muka yi.

A takardar sakamako an rubuta cewa ba na kiyaye lokaci, kuma na sa baƙi cikin abin da ba ya cikin tsari. Na je na yi bayani. Shugabar malaman ba ta wulaƙanta ni ba. Ta ce ta gane sarai, amma ma'auni ɗaya ne ga kowa, kuma baƙon da ya hawo jirgi ba zaman makoki ya zo ba. Ba ƙarya ta yi ba. Na tambaya ko zan sake baɗi, aka ce daga baɗi sai mai takardar sakandare. Na tuna ranar da ka biyo ni har tasha da bulala don na bar aji uku na bi motocin Maraɗi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Yau ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Jiya Badaruddeen, wanda ya zo na ɗaya a ajinmu na horon, ya same ni a gida. Mutumin kirki ne, mai digiri. An ba shi baƙi biyu ranar Asabar masu son ganin rijiyar, shi kuwa labarinta bai wuce layi uku a littafinsa ba. Ya roƙi in bi su a matsayin mai ɗaukar kaya, in karanta masa labarin kafin a tashi, amma kada in buɗe baki gaban baƙi, don kamfani na iya karɓe katinsa na aiki. Matata Mutmainna ta ce in ƙi. Na amsa masa, Yaya, don tukunya ba ta san zuciya ba. Sai da ya tashi tafiya na lissafa: Asabar ɗin ce addu'ar arba'in ta Inna Hajjo. Na gaya masa. Ya sunkuyar da kai, ya ce lokacin baƙi a ƙayyade yake, ta bayan shinge za mu bi. Na ce to.

Ka gaida mini Yaya Sa'adiyya, da Faruk, da Sumayya. Mutmainna na gaishe ku. Inna ba ta san komai ba tukuna, don Allah kada ka faɗa mata. Ka sa ni a addu'a ranar Asabar, Allah ya sa Baba Bawa kada ya waiwayo.

Ƙaninka,
Zunnuraini.