Kati Uku, Mutum Huɗu

Adjamé Liberté, 5 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Yayana Faruk,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Balaraba da yara da dukan dangi na Maraɗi. Yaya zafi? Mu nan damina ta kankama. Inna Hajo tana gaishe ku. Jikin Baba da sauƙi: hannun dama bai dawo ba tukuna, magana kuma sai a hankali, amma yana cin abinci. Likita ya ce jinin ya sauka, a dai guji ɓata masa rai.

Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Ka san kunnen Baba, ciwon bai taɓa shi ba, ko a kicin na tsaya yana jin abin da nake faɗa. Ka yi haƙuri da Hausata, ta Abidjan ce.

Maganar Hanyar Teku ce, wasan kwalin da Baba ya ƙirƙira tun muna yara, wanda ake tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Maraɗi a bi ta Wagadugu da Bouaké har a iso Abidjan. Tun da na karɓi maɗaba'ar Treichville daga hannun Baba ina buga shi, yana kuma tafiya. Ka tuna ƙaramin kwalin nan mai suna Tasha, wanda ake haɗawa da babban kwalin, hanya ta zarce har cikin tashar jiragen ruwa? Sau ɗaya aka buga shi, a 1994.

Ƙawata Radiyya tana da shagon littattafai a nan Adjamé. Duk Lahadi da la'asar manyan mutane suna taruwa a gaban shagonta su yi wasa, da malaman makaranta da teloli har da wani ma'aikacin banki. Kwalin Tasha ɗaya gare su, duk ya sha salatif, rabin katunan da biro aka sake rubuta su. Ta ce kullum ana tambayarta, ta roƙe ni in sake buga shi kafin Babbar Salla.

Na sami tsofaffin fim ɗin bugun Tasha a sito. Danshi ya ci gefensu, amma za su gyaru a kwamfuta. Sai na ce bari mu gwada wasan tukuna, ni da ma'aikata uku. Yaya, ban taɓa lura da munin abin ba sai ranar. Duk kamiyon da ya shiga tasha ba ya fitowa sai da katin fita. Katunan uku ne, 'yan wasa huɗu, wanda ya yi amfani da nasa kuma yana riƙe shi. Na huɗun ba shi da mafita har a tashi. Ni ce ta huɗun. Na zauna minti arba'in ina jefa ɗan lido a banza, ma'aikatana suna kau da kai don kunya.

Na san abin da Baba yake cewa tun muna ƙanana, wai da gangan ya yi, haka rayuwar tasha take, dole a bar wani a baya. Yakan ce Tasha ce aikin da ya fi alfahari da shi. To in na buga shi haka, sunanmu ne a kan abin da na san ba ya tafiya. In na gyara, na ce wa Baba aikinsa gurgu ne. In na bari, Radiyya ta ce akwai masu shirin kwafarsa a kasuwa. Ka ba ni shawara.

Ka gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka,
Haulatu


Treichville, 19 ga Mayu

Yaya Faruk,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin 'yarka Yasmin ya sauka. Takardarka ta iso hannun direban bas ranar Talata, na gode da kilishi. Baba lafiya lau, jiya ma ya yi 'yar tafiya a tsakar gida da sanda.

Ka ce ko dai in buga shi yadda yake, ko in mayar da fim ɗin sito, a bar kaza cikin gashinta. Na so in bi maganarka. Amma na yi abu biyu da ban faɗa maka ba.

Na farko, na je wajen Radiyya ranar Lahadi na tambayi 'yan wasan. Na ɗauka duk za su ce a gyara. Ashe ba haka ba ne. Wani tela ya rantse in aka taɓa dokar ba zai saya ba, wai daɗin wasan shi ne tseren da ake yi don kada ka zama na huɗu, kuma da shi mahaifinsa ya koya masa haƙuri. Wata malama ta ce a gidansu an daina fito da kwalin saboda kullum sai wani ya yi kuka. Wasu sun daɗe da yanka kati na huɗu daga kwalin sukari. Suka yi ta gardama da Faransanci da Jula har aka kira magariba, na tashi kaina ya fi ɗaurewa.

Na biyu, na je wurin Baffa Kailu. Ka tuna shi, abokin Baba da ya yi aikin fito da kaya a tasha, wanda ya daina zuwa gidanmu ba mu san dalili ba? Sunansa na gani da fensir a gefen fim ɗin. Yana nan Treichville, a wani gidan haya kusa da manyan magaza na ajiye kaya, ya tsufa ƙwarai amma hankalinsa garau. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya shiga ɗaki ya fito da takarda mai ninki huɗu. Dokokin Tasha ne da rubutun hannunsa, don tare suka tsara shi da Baba. Akwai layi ɗaya a ciki da babu shi a wanda aka buga: wanda ya fita ya mayar da katinsa ƙarƙashin tulin.

Ya ce layin faɗuwa ya yi wajen shirya bugu, kuma Baba ne ya shirya da hannunsa. Da Baffa Kailu ya gani ya je ya ce a janye kwalayen a liƙa gyara. Baba ya ƙi, ya ce a gaban ma'aikata shi ya cire layin da gangan, Kailu bai san wasa ba. Daga ranar, shekara talatin ke nan, sai dai gaisuwa in sun haɗu a jana'iza. Ya ce abokan aikinsa sun daɗe suna yi masa ba'a, wai ya yi wasan da ke nuna su a matsayin masu riƙe kayan mutane.

Bai zagi Baba ba. Sau biyu ya tambayi jikinsa. Ya ba ni takardar, ya ce in yi yadda na ga dama, amma kada a saka sunansa sai da yardar mai kwali.

Yaya, tun da na fito nake juya maganar. Da ban je ba, da zaɓi ne tsakanin doka da doka. Yanzu in na gyara, na tona abin da Baba ya rufe shekara talatin. In ban gyara ba, na sa hannu a kai. Ka san wani abu a kan wannan magana? Kai ka fi ni wayo a lokacin.

Ka gaida Anti da yara.
Taka,
Haulatu


Adjamé Liberté, 2 ga Yuni

Yayana,

Assalamu alaikum, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da na ji a waya Yasmin ta koma makaranta. Ban jira amsarka ba, kuma ina jin na yi ɓarna.

Na faɗa wa Inna komai. Ta ce ta sani tun a lokacin, ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ta kuma gargaɗe ni cewa in jinin Baba ya hau saboda kwali, ba za ta yafe mini da wuri ba. Ta ce in buga gyararren a ɓoye, ai ba ya zuwa maɗaba'a yanzu. Na yi kwana uku ina juya wannan. Amma ina tunanin ranar da wani zai zo duba shi ya kawo masa sabon kwali yana taya shi murna, ya karanta ya ga 'yarsa ta gyara shi a bayan idonsa. Ban iya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kawo tsohon kwalin gida. Na ce wa Baba ana son a sake bugawa. Fuskarsa ta haska yadda ban gani ba tun da ya kwanta. Shi da kansa ya ce a shimfiɗa tabarma mu yi. Radiyya ta zo ta zama ta huɗu, da ni da Inna da shi. Na yi niyyar in bari ni ce zan maƙale, sai in ɗauko maganar a hankali. Amma ɗan lido ba ya jin shawara. Da hannun hagu yake jefawa, ƙananan lambobi suka yi ta fito masa, kafin ya isa ƙofar tasha duk mun kwashe katunan.

Ya jefa sau ɗaya, sau biyu, yana kallon wurin da tulin yake babu komai. Inna tana hararata. Da na ga abin ya yi yawa sai bakina ya suɓuce, na ce na je wurin Baffa Kailu. Ban ƙara komai ba. Ya ajiye ɗan lidon, ya nemi sandarsa, ya ƙi a kama shi, ya shiga ɗaki.

Yau kwana biyu bai yi mini magana ba. In na gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Jiya bai taɓa tuwo ba, kunu ya sha kaɗan. Inna ta auna jinin, ya ɗan hau, ba sosai ba, amma ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Na ce wa Radiyya ta daina yi wa mutane alkawari. Jiya a cikin woro-woro, tasin nan ta haɗaka, a kan gada, na samu kaina ina kuka, matar da ke kusa da ni ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Ka sa mu a addu'a. In ka kira shi, kada ka nuna ka sani.

Ƙanwarka,
Haulatu


Treichville, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Faruk,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, ina sanar da kai Baba yana lafiya, jinin ya koma daidai. Na fara da wannan don na san shi kake son ji. Takardarka ta riske ni jiya. Faɗan da ka yi mini na karɓa, ka yi gaskiya a rabinsa.

Ranar Talata da safe na ɗauki jaka zan fita ya kira sunana. Ya ce in kawo biro in zauna. Ya fara faɗa ina rubutawa, kalma ɗaya ɗaya, ka san yadda harshensa yake yanzu. Layin nan ne, Yaya, daidai da na takardar Baffa Kailu, ko wasali bai canza ba. Da ya gama ya ce, "Tun ranar na gani. Kwalaye sun kai rufi, ma'aikata suna kallona. Na ji kunya, sai na yi ƙarya, ƙaryar kuma ta fi ƙarfina."

Na riƙe hannunsa marar lafiyar. Ya ce in shirya gwajin bugu da gyaran a ciki, amma ba shi zai sa hannun amincewa ba, in kai wa Kailu.

Na kai masa ranar Laraba. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya gyara mini kuskuren Faransanci guda biyu, sannan ya mayar mini ba tare da sa hannu ba. Ya ce irin wannan takarda ba a sa mata hannu a bayan idon mutum.

Ranar Juma'a sai ga shi a gidanmu da ledar lemo, rigarsa ta jiƙe da ruwan sama. Na tsaya a bakin kicin ina jiran abin da zai faru. Sun gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tsofaffi, suka lissafa waɗanda suka rasu. Ba wanda ya ambaci 1994. Can sai na ji murya ta ɗan tashi, na leƙa da sauri, ashe gardama suke a kan ko a jefar da tsohuwar dokar. Abin mamaki Baba ne yake cewa a shafe ta gaba ɗaya, Baffa Kailu kuma ya ce a'a, mutane sun yi shekara talatin suna wasa da ita, ta zama tasu, ba mu da ikon ƙwace musu.

Ga abin da aka tsayar. Za a buga gyararriyar doka a gaba. A bayan takardar a saka tsohuwar ga mai so. Sunayensu biyu za su hau murfi. Baba ya nace a ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa kuskuren bugun farko nasa ne. Na ce ba sai an yi haka ba, ya ce ba da ni yake shawara ba. Baffa Kailu ya sa hannu, Baba ya dangwala nasa da hagu, ya fito kamar tafiyar kaza.

Da baƙon zai tafi, Baba ya ce zai raka shi. Inna ta hana, bai saurare ta ba. Ya dogara sanda, Baffa Kailu ya riƙe masa lema, suka ɗauki kusan minti goma daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Nan ma suka tsaya, ba na jin abin da suke faɗa, har ruwan ya ɗauke.

Gobe Litinin za mu kunna inji. Da wuya mu gama kafin Salla, danshi ba ya barin tawada ta bushe, kuma har yanzu ban sani ba ko telan nan zai saya. Kwalin farko na Baffa Kailu ne, na biyu naka, zan ba direba. Ka kira Baba ranar Salla da safe, yanzu kana iya nuna ka sani.

Inna tana gaida Anti Balaraba da jikoki. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Haulatu Hadi