Albishir ɗin da Na Yi wa Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake, abinci ne kawai ba ya shiga kwana biyu.

Ka tuna albishir ɗin da na yi muku, cewa na'urarmu ta kama girgizar karon baƙaƙen ramuka biyu, wato matattun taurarin nan masu haɗiye haske? Yaya, ashe babu wani karo. Shugabanninmu ne suka saka girgizar ƙarya a ɓoye, don su gwada ko idonmu biyu. Haka tsarin aikin yake, kuma na sani sarai. Shi ya sa aka hana mu faɗa wa kowa sai an tabbatar. Kowa ya kama bakinsa, ni kaɗai na ɗauki waya.

Na ji Inna ta bi maƙwabta gida-gida, da wannan ƙafar tata. Allah ya ba ta lafiya.

Don Allah kai ka faɗa mata, ni na kasa. Jiya na kira da niyyar faɗa, sai ta ce, "Auta, ina ma babanku ya ga wannan rana." Na ce, "Haka ne, Inna."

Ƙaninka,
Auta