Kada Ka Juyo da Jirgi, Damasi

Zuwa ga ƙanena Damasi, a sabon garinku na hayin teku. Gaisuwa mai yawa daga yayarka Timandara. Ina roƙon ubangijin teku ya kwantar muku da ruwa, uwar hatsi ta cika muku rumbu. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. An matse zaitun, bai yi auki ba, amma ya fi na bara. Inna idon ne ya tafi, bakin kuwa yana nan daram. Mijina Mikko yana cikin masu ginin ganuwa, kullum ya dawo dafe da ƙugu yana cika baki wai ba don shi ba da birni bai tsaya ba.

Mai jirgin tukwane ya kawo saƙonka, wai ƙasar can duk duwatsu ce, 'yan wurin sun hana ku sakat, kai da wasu kuna shirin juyowa gida da zarar iska ta gyaru. Damasi, kada ka dawo. Ka tuna shekarar fari, da aka ce duk gida mai 'ya'ya maza biyu ya ba da ɗaya, ƙuri'a ta faɗa kanka, kuka rantse ba za ku sake taka nan ba. Lokacin ƙauyuka muke, rantsuwa iyakarta baki. Yanzu an haɗe mu birni guda, maza na zaman shawara a dandalin kasuwa, rantsuwar taku kuma an sassaƙa ta a jikin dutse. Gonarka tuni aka raba.

Da bazara wani jirgi ya dawo da irinku, duk sun rame. Ba a bar su sun taɓa gaɓa ba, da majajjawa aka tarbe su. Kawu Bolo ya je dandali yana roƙo, aka ce masa tsoho, in ka ji tausayinsu ka buɗe musu naka rumbun, ya dawo yana share hawaye. Ɗan Melita maƙwabciyarmu yana cikin jirgin, a goshi dutse ya same shi, uwar na tsaye kan tudu tana kallo.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ɗana Telefo, wanda ka bari yana rarrafe, ya yi gemu, kuma duk birnin nan babu mai hannunsa a majajjawa, don haka aka sa shi cikin masu tsaron gaɓa. Na tambaye shi in jirgin kawunsa ne fa. Ya ce haba Inna, shi bai ma san fuskarka ba, kuma mai tsaron da ya noƙe hannu, shi ma cikin jirgi ake jefa shi a kore shi. Ban ga laifinsa ba. Abin da ruwa ya tafi da shi, ba a tsayawa bakin gaɓa jiransa. Ka daure, ka ture duwatsun ka shuka sha'ir, kowace ganuwa da dutse ɗaya ta fara.

Innarmu ba ta san komai ba, ga busasshen ɓaure ta ce a ba autanta. Ka gaida matarka Filina da yaran, da Harmo maƙeri. Ina kewarka, ɗan'uwana, ba kaɗan ba. Amma gara in mutu ban sake ganinka ba, da in hango ka daga kan tudu ɗana yana juya majajjawa.

Taka har abada,
Timandara