Ƙwayar da ake sha da tuwo

Bistrita, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Dorina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Ilarie da yara a can Torino. Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu nan kalau, mahaifiyarki ta gama jiƙa kabejin hunturu, gwiwar ce dai ke damunta.

Kin san ubanki. Aji goma na yi na kama aikin katako, ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Na gina gidan nan, na buɗe shago, na kai ki jami'a. Shi ya sa abin da zan faɗa ya yi mini nauyi: ƙarar da kika rubuta wa asibitin wankin ƙoda a kan nas-nas, ki janye ta. Ƙaiƙayin da ya sa nake sosa jikina har jini, wanda kika yi ƙarar a kansa, laifina ne.

Akwai wata farar ƙwaya da aikinta shi ne ta kama dattin abinci tun a ciki, kafin ya shiga jini ya kawo ƙaiƙayi. Ni kuwa na sassaƙa akwatin magani mai gida bakwai, kullum da safe in haɗiye na ranar gaba ɗaya da kofi, ciki ba komai. Shekara biyu! Duk sanda Viorica, babbar nas ɗinmu, ta tambaya ko ina shan magani, sai in ce ban taɓa tsallake rana ba, kuma gaskiya na faɗa. Mutum goma sha biyu ne a gabanta, ga awo, ga allura, ga inji na kuka.

Sai aka kawo Sanziana, mai haɗa magani, tana zagaya mu ranar Talata. Da farko Viorica ba ta so ba, ta ce an kawo mai ƙirga ƙwaya ta koya musu aiki. Yarinyar ta ja kujera, ta yaba akwatina, sannan ta tambaye ni da wane abinci nake shan farar ƙwayar. Na ce namiji ba ya buƙatar tuwo kafin ya haɗiyi ƙwaya. Ta ce ni ba na buƙata, amma ƙwayar tana buƙata. Yanzu a tsakiyar tuwon masara nake sha, wata biyu ke nan ban sosa ba. Viorica kuwa kullum sai ta tsokane ni, wai kawu Gavril ya gina gida amma ƙwaya ta kayar da shi. Ita da bakinta ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga inda ƙararki ta ɓata abu. Shugabannin asibitin na neman dalilin rage ma'aikata, kuma Sanziana ce sabuwa. Nas-nas sun rubuta takardar roƙo a bar ta, suka kawo labarina, amma wai don sirri suka ce “wani majinyaci mai shekara sittin da takwas”. Ni ne wani?

Ki gaida Ilarie, da jikokina Matei da Ilinca, da gwaggonki Floarea. A wasiƙar janyewar ki faɗi wautar da aka yi yadda take, ki kuma rubuta sunan mai ita cikakke: Gavril Tomoiaga, kafinta, gado na huɗu.

Mahaifinki,
Gavril