Wutar da ta ƙi mutuwa a motar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya gama canja wa babbar motar Baba salansa, wato bututun hayaƙi. Shi ne aikinsa na farko a motar gida tun da ya fara koyon kanikanci. Baba na tayar da ita, sai ga wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari. Baba ya kashe motar ya shige gida. Gara ma ya yi faɗa.

Talata, 4 ga Maris

Baba ya manna baƙin salatif a kan wutar. Wai haka direbobi ke yi. Umma ta ce, "Alhaji, in ka rufe mata ido ai ba ka rufe mata ciwo ba." Ranar Litinin zai yi doguwar tafiya da kaya, ga motar tana shan mai kamar me.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya bai ci abinci ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ji shi yana gaya wa Umma in motar ta tsaya da Baba a hanya, ya bar gareji ke nan har abada. Na so in ce masa wani abu. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa, na kasa, na koma.

Asabar, 8 ga Maris

Alhamdu lillahi!

Na kai wa Baba da Yaya ruwa, na tarar sun kira mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ya jona kwamfutarsa a motar. Ya ce sensa ce, 'yar abar da ke shinshinar hayaƙi a jikin salansa. Ashe Yaya ya zare soket ɗinta kafin walda don kar ta ƙone, ya ɗaura komai, ya manta bai mayar ba. Soket ɗin ya maƙale a wani lungu. Hannun Yaya ya ƙi shiga, na mai wayarin ma haka. Sai dai a sake kwance salansar.

Ban san lokacin da na ce, "Nawa zai shiga" ba.

Duk suka juyo. Baba ya ce, "Uwata, ke da ko gaisuwa sai an kasa kunne?" Yaya ya shimfiɗa min kwali, ya riƙe tocila. "A hankali, Auta. Tura har sai kin ji ƙas." Na ji ƙas ɗin.

Mai wayarin ya goge laifin a kwamfuta. Baba ya ɓare salatif, ya zaga da motar, ya dawo. Ba wuta.

Allah Ya saka wa mai wayarin da alheri, bai yi wa Yaya dariya ba. Cewa ya yi, "Wanda ya san a zare ta kafin walda ai ya iya aiki."

Lahadi, 9 ga Maris

Baba ya miƙa wa Yaya makulli: "Bakanike, duba min birki kafin gobe." Yaya ya leƙo, wai ko zan riƙe masa sifana. Na ce ina da aikin makaranta.

Tun jiya na gama shi. Bari dai in nemo tsohon hijabina, in je in riƙe masa.