Layin Da Na Ja A Zanenki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ƙanwata, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da 'yar ɗiyarki da duk mutanen gidan da kike a Bakura. Ya gajiya, ya ƙarin haƙuri, ya kuma aikin gona? Allah ya sa lafiya lau, amin.

Ki yi haƙuri da na dame ki. Ki ƙara haƙuri da na kawo maganarmu nan inda idon kowa yake, kin san ba halina ba ne. Na kira lambarki har na gaji, kullum a kashe. Na ba matar da ke kawo albasa kasuwar Talata saƙo, ta dawo ta ce kin ce kina lafiya, ba ki ƙara komai ba. Hanya kuwa kin san yadda ta koma, maigidana ya ce ba zan bi ta ba. Shi ya sa na rubuta a wannan shafi nawa, ko Allah zai sa wata mai waya a unguwarku ta gani ta karanta miki. Ban sa sunanki na gaskiya ba. Wadda ta san ki za ta gane.

Abin da ya hana ni ci gaba da jira shi ne, Talata biyu suka rage mutanen ƙungiyar da suka ba mu allunan gilashin nan da muke zane a kai su zo su karɓi kayansu. Duk abin da ke ciki za a goge shi, sai wanda mai shi ta ce a ajiye mata. Zanenki yana ciki.

Bari in faɗa daga farko, domin akwai abin da ba ki sani ba, kuma ban samu bakin gaya miki ba.

Ranar da aka kawo ki Talata Mafara daga Damaga, zane ɗaya ne a jikinki da yarinya a baya. Waɗanda suka rako ki suka ce ɓarayin daji sun kashe maigidanki, sun ƙona gidan. Na ce innalillahi, na shimfiɗa miki tabarma a ɗakina. Wata huɗu da kwana goma kika yi takaba a wannan ɗaki, ina jin numfashinki, ina sa miki tuwo ina ɗauke shi yadda na ajiye. Ban taɓa tambayarki yadda abin ya faru ba. A ganina kunya ce da ladabi, kada in tono miki ciwo. Ke ma ba ki faɗa ba. In na ce miki sannu, sai ki ce yauwa Yaya, shi ke nan maganarki ta yini.

Bayan kin fita takaba ne mutanen wata ƙungiya suka zo islamiyyar matan da nake koyarwa. Suka ce suna neman ɗaki da mace wadda mata 'yan gudun hijira suka yarda da ita. Suka kawo wasu na'urori masu faɗin allon karatu, kowace da alƙalaminta, da faifan sola na caji. Mata suka sa musu suna allon gilashi. Akwai likitar ƙwaƙwalwa, Bahaushiya, da ba za ta iya zuwa ba saboda hanya, sai dai ta fito ta kiran bidiyo kowace Laraba. Dakta muke ce mata. Aikinta ta sa mata su yi zane, zanen ya tafi wurinta ta intanet, ta duba, sannan ta zauna da kowace ta ji abin da ke ranta.

Kin tuna yadda sabis yake ɗaukewa tana tsakiyar magana, fuskarta ta tsaya cak? Inna Kulu, tsohuwar nan ta Maradun, takan ce, “To, ga ta nan an kama ta baki buɗe, ku sa mata goro.” A wannan ɗaki na fara jin matan nan sun yi dariya. Ke ba ki yi ba, amma na ga kin sunkuyar da kai kamar mai ɓoye wani abu.

Da takarda aka fara, ba ta yi ba. Mata suna tsoron ɓata farar takarda, wasu kuma suna tsoron a tsinci abin da suka zana. Allon gilashi ya fi musu. In abu bai yi ba ka goge, kala ba ta ƙarewa, ba wanda zai gani sai Dakta. Ita kuma kullum cewa take, “Ba sai ya yi kyau ba, ku ƙyale hannu ya yi abin da yake so.”

Ni dai tun ranar farko zuciyata ba ta kwanta ba. Ke kina ƙarama Baba ya rasu, ba lallai ki tuna ba. In aka shigo gidanmu da kalanda ko kwalin sabulu mai hoton mutum, Baba yakan tsoma alƙalami a tawada ya ja layi a wuyan hoton. Yakan ce in an raba kai da jiki ya daina zama surar mai rai, ya koma kamar itace. Da wannan na tashi. Na yi shekara da shekaru ina yin haka ba tare da na ko yi tunani ba, har a littattafan 'ya'yana. To da na ga an damƙa mini mata, na ji tsoron in zama silar zunubinsu. Sai na kafa musu doka a bayan idon Dakta. Na ce ku zana gida, ku zana rumbu da gulbi da itatuwa, amma duk wadda ta zana mutum ko dabba ta ja masa layi a wuya. Suka ce to Malama. Ba wadda ta yi musu.

Makonni Dakta tana karɓar zane, kowane mutum da layi a wuyansa, kowace saniya da layi a wuyanta. Ashe ita ta ɗauka abin da idanunsu suka gani ne yake fitowa. Tana ta binsu a hankali tana lallashi, tana rubutawa a takardunta, ba ta san dokata ba ce. Na ji tana tambayar wata mata ko tana so ta yi maganar layin, matar ta dube ni, na kau da kai. Wannan ma laifi ne da na ɗauka, kuma na gaya wa Dakta daga baya.

Ke ba ki ji dokar ba, domin ranar da na kafa ta yarinya ba lafiya kin zauna gida. Kuma ban damu in gaya miki ba, tunda ba kya zana kowa. Larabarki ta farko baƙar kala kika zaɓa, kika shafe allon duka tun daga sama har ƙasa, kika goge, kika sake shafewa. Ta biyu ma haka. Can gaba na leƙa na ga kunyoyin gero da wata bishiyar kanya a gefe, na gane gonarku ce.

Sai Larabar nan.

Kin zauna a lungu kusa da taga, kin juya wa kowa baya. Ina zagawa tsakanin mata, na zo ta bayanki na tsaya. Auta, ban san kin iya haka ba. Shi ne, wallahi shi ne. Fartanya a kafaɗa, kan nan a ɗan karkace yadda yake yi in zai gaida babba. Kin sa yatsu biyu kin buɗe fuskar ta cika allon, kina gyara zanen askar da ke kumatunsa ɗaya bayan ɗaya. Har wushiryarsa kin sa. Bakinki yana motsi, ina jin magana kike yi masa.

Da a ce na tsaya nan. Amma hannuna ya riga tunanina. Na ce kawo in gyara miki, na zare alƙalamin daga yatsunki, na ja layin. Ashe kin koma kan hularsa kina yi mata kala, alƙalamin yana kan ja. Ban duba ba. Layin ya fito ja, daga wannan gefen wuyansa zuwa wancan.

Ba ki yi kuka ba. Kin daɗe kina kallon allon, sannan kika ɗago kika ce, “Yaya, har ke?” Kika ajiye shi a tabarma a hankali, kika goya yarinya, kika fita.

Inna Kulu ce ta riƙe mini hannu da zan bi ki. Ta ce, “Malama, mi kinka aikata haka? Ke ba ki san yanka shi anka yi ba? Gabanta sunka yi, suna riƙe da ita.” Duk matan da ke ɗakin sun sani. Ni da muka fito ciki ɗaya, muka yi wata huɗu a ɗaki ɗaya, ni kaɗai ce ban sani ba, don ban tambaya ba.

Da na dawo gida kin rufe fuska da mayafi kin juya bango. Na tsaya a bakin ƙofa, na rasa kalmar da zan fara da ita, na ce bari sai da safe. Da safe na je ɗebo ruwa, na dawo na tarar kin naɗe tabarmar kin jingine ta. Maƙwabciya ta ce kin hau mota zuwa Bakura wurin ƙanwar marigayi. An ce mini yanzu kina dashen shinkafa a gonakin Bakolori, yini guda ƙafa a cikin ruwa, ke da sanyi ke kama wa ƙirji.

Na gaya wa Dakta komai, dokar da layin da duka, don zanen bai isa wurinta ba tunda ba ki tura shi ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ma da laifinta, ta ga abu ya maimaitu ta fassara shi daga nesa ba ta tambayi mutanen wurin ba. Sannan ta ce in ɗauko allonki. Ta nuna mini wata 'yar kibiya mai lanƙwasa a saman kusurwa. Ta ce na'urar tana riƙe da kowane jan alƙalami daban, in aka taɓa kibiyar sau ɗaya layina zai fita, zanenki ya dawo yadda kika bar shi, ko ɗigo ba zai ragu ba.

Ban taɓa kibiyar ba. Na sa hannu a zanenki sau ɗaya ba da izininki ba, ba zan sake ba ko da gyara ne. Dakta ma ta ce haka ya dace, zanen naki ne, ke za ki ce. Na hana kowa amfani da allon don kada a yi kuskure. Yana cikin akwatina, ina yi masa caji duk kwana biyu. Ba na buɗe shi.

Ba zan ɓoye miki ba, na je na yi tambaya. Wani malami ya ce abin da ke cikin waya ba kamar sassaƙa ba ne, wani ya ce a dai guje masa, wani ya ce inda magani ne akwai sauƙi. Ban fito da amsa ɗaya ba. Ban ce Baba ya yi kuskure ba, Allah ya jiƙansa. Amma Baba a kwalin sabulu yake jan nasa, bai taɓa ja a kan mijin wata tana kallo ba. Na janye dokar, na ce wa mata kowace ta yi tambayarta ta bi abin da zuciyarta ta natsu da shi. Wasu har yanzu suna ja, wasu sun bari.

Ga abin da nake so ki duba. Marigayi ba mai son hoto ba ne. Wayarsa sun tafi da ita, katinsa ya ƙone da gidan. Na tambayi danginsa da ke nan garin, ba wanda yake da hotonsa ko ɗaya. Yarinyar nan ba ta kai shekara biyu ba aka raba ta da shi. Wata rana za ta tambaye ki kamanninsa. Iyakar sanina, babu fuskarsa a ko'ina a duniya sai a cikin allon da ke akwatina.

In kin ce a cire layin, a cire, Dakta ta ce za a buga shi a takarda mai kyau in aiko miki ta hannun mai albasa, ko a ajiye miki a intanet har ranar da kika shirya. In kin ce a goge shi duka don ba kya son sake ganinsa, za a goge, ba zan ce komai ba. In kuwa ba ki ce komai ba, ranar da suka zo zan miƙa allon, su goge shi da layina a jiki. Wannan ne nake tsoro.

Maganar yafiya ban haɗa ta da wannan ba. Ina roƙonki ita, amma ba sai yanzu ba. Kina iya amsa maganar zanen ki bar tawa.

Auta, ni na yi miki kitson fari. Ni na goya ki ranar da aka kai Innarmu makwancinta, kina ta tambaya ina za a kai ta. Ban taɓa zaton hannuna zai yi miki haka ba. Ki sa rigar sanyi in za ki fita da asuba, ki daina shan ruwan gonar shinkafa, ki shafa mini kan yarinya.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya karɓi shahadarsa, ya sa ya huta. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya abin da ya bari. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Maradun da Bakura da ƙasarmu duka, ya yafe mini abin da na yi da sani da wanda na yi da rashin sani. Amin.

Taki har kullum,
Yayarki ta Talata Mafara.

Don Allah ki amsa da wuri. Ko a bakin mai albasa ne, ko ki ari wayar wata ki kira, kalma ɗaya ta isa: a cire, ko a goge. Kafin Talata ta biyu.