Mai Yayen Badr

Hindawiyya, Jidda

Zuwa ga Yaya Rabi'a, a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da mutanen gida, ina neman afuwa da na yi karambanin rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Sunana Sajida, babbar 'yar Malam Muntaka, wanda za ki zo gidansa rainon yaro. Umma ce ta ce in aiko miki da saƙon murya, to ni da na danna wayar sai kunya ta hana ni. Shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hoto.

Ba mu taɓa ɗauko mai aiki daga wata ƙasa ba, don haka Abba ya je maktab, wato ofishin da ke shirya irin wannan tafiya, suka yi masa bayani. Da farko ki duba fasfonki, kada ya zama ya kusa ƙarewa. Sai gwajin lafiya, a asibitin da wakilinsu zai faɗa miki kaɗai, don ba sa karɓar na wani wuri. Sai takardar shaida daga 'yan sanda. Za a turo miki yarjejeniyar aiki, Abba ya ce kada ki sa hannu sai an karanta miki ita da Hausa kin gamsu. Iƙama, takardar zama ke nan, shi zai yi miki idan kin iso, tunda shi ne kafilinki, wato mai ɗaukar nauyin zamanki.

Umma ta buɗe shagon ɗinki a unguwar Nuzla, ni kuma ina shekarar ƙarshe a sakandare. Ƙanena Badr ya kusa shekara biyu, lokacin yayensa ya yi. Kakanninmu duk suna Katsina, babu gidan da za a kai shi, saboda haka Umma ta ce ke za ki yaye shi.

Ina ganin ya kamata ki sani cewa Badr ba ya yarda da baƙo. Yana cizo. Ba ya shan kunu sai daga hannuna, kuma tun da Umma ta gama wankan jego a bayana yake barci. Zafin Jidda ma ba irin na gida ba ne, kina zaune gumi na zubo miki. Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba.

Ki huta lafiya.
Sajida Muntaka

*

Maraɗi

Ƙanwata Sajida, uwar Badr,

Wa alaikumus salam. Ina gajiya, ina karatu? Ki gaishe min da Hajiya da Malam.

Takardarki ta iso. Rubutunki kamar na malamin lakwal mai koyar da boko, har na ji tsoron amsawa. Fasfo lafiya lau. Likita ya zuƙi jinina kamar zai yi miya da shi, ya ce ba ni da komai sai baki. Komisariya ma, wurin 'yan sanda, na je, sun shaida ban taɓa satar ko kaza ba.

Yanzu ni ma ga nawa tambayoyin, tunda an ce matambayi ba ya ɓata. Ina zan kwana? Wace rana ce ta hutuna? Fasfona a hannuna zai zauna ko a na Malam? Kuma ana samun kuka da daddawa nan, ko in ƙullo?

Batun zafi, ke ƙanwata, ki zo Maraɗi da bazara mu gwada. Batun cizo kuma, yaro mai cizo dasashi ne ke masa ƙaiƙayi. Wanga ba abin tsoro ba ne. Yaye na iya shi, kada ki damu. Ki sumbace min angon nawa, ki ce masa amarya na nan tahe.

Yayarki,
Rabi'a

*

Hindawiyya, Jidda

Zuwa ga Yaya Rabi'a.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin wuni lafiya. Na kai wa Abba tambayoyinki. Ya ce Juma'a ce ranar hutunki, fasfonki kuma naki ne, ba mai riƙe miki. Akwai kuka a kasuwa, amma Umma ta ce ki taho da daddawa. Ta kuma gargaɗe mu kada wanda ya kira ki shagala, yadda ake kiran 'yan aiki a nan, sai dai Yaya.

Ɗakin da za ki kwana nawa ne. An mayar da teburin karatuna falo. Abba ya sa sabon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wanda na daɗe ina roƙo ana ce min insha Allah. Katifar Badr an bar ta a ciki.

Maktab sun ba da shawara a riƙa nuna wa yaro hotonki don ya saba. Kullum da safe Umma sai ta buɗe waya ta ce, "Yalla Badr, maza gai da Yaya." Jiya ya kama wayar da hannu biyu ya lashe fuskarki, ya ce "Abi'a." Kowa ya yi dariya. Ni har yau Jiji yake ce min, kuma na fi shekara ina koya masa sunana.

Na ce wa Umma akwai hutun makaranta kafin bizarki ta fito, ta bar ni in yaye shi. Ko kallona ba ta yi ba, tana zare allura ta ce, "Halas, ya isa haka, Sajida. Yaushe aka yaye ki da za ki yaye wani?"

Yaya, ina da roƙo, kuma kunyarsa nake ji. Ki ce wa Umma ba ki iya yaye ba. Ki ce girki da wanki kika fi ƙwarewa. Na ji an ce yaro ba ya manta wadda ta yaye shi, har ya girma yana kiranta uwa. Ke kina da Maraɗi gaba ɗaya. Ni a garin nan ba ni da ƙawa, Larabcina dariya yake ba 'yan ajinmu. Badr kaɗai nake da shi.

Ki yafe min idan na yi rashin kunya.
Sajida

*

Maraɗi

Sajida,

Salamu alaikum. Biza ta hito, sai tahiya.

Ba zan yi wa Hajiya ƙarya ba. Ban shiga gidan mutane da ƙarya a baki ba.

Kin ce ina da Maraɗi gaba ɗaya. Ina da ɗiya guda, Saudatu, ta fi Badr ƙanƙanta. Ubanta ya rasu tana ciki. Takardar da aka karanta min da Hausa ta ce mutum ɗaya zai tahi, babu goyo. Lokacin yayenta bai yi ba, amma na cire ta, na kai ta ɗakin ƙanwata Larai. Tsohuwarmu ta ce kada in leƙa sai ta daina nema na. Na zauna bayan katanga ina jin kukanta, rigata na jiƙewa da nono.

Shekaranjiya aka ce in shigo. Tana wasa a tsakar gida ta faɗi. Na buɗe hannu. Ta wuce ni ta faɗa jikin Larai. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Larai, alheri take min, amma wallahi a lokacin ji na yi kamar in shaƙe ta.

Hajiya tana da gaskiya, ba za ki iya ba. Mai yaye ita ce mai hanawa. Yaro zai yi kuka har muryarsa ta dushe, ke kuwa a karon farko za ki ruga da shi wurin uwarsa, a koma baya. Ki bar min wanga aiki. Ni zai daka, ni zai ciza. Ke idan kin dawo lakwal wurinki zai gudo, insha Allah.

Sai mun iso.
Rabi'a

*

Falo, bayan la'asar

Zuwa ga Yaya Rabi'a.

Assalamu alaikum. Sannu da aiki. Ki yi haƙuri da tura takarda ta ƙarƙashin ƙofa muna gida ɗaya. Na zo bakin kicin don in yi miki magana, sai na ɗauki kofi na fita.

An gama yaye, Umma ta raba waina, kowa na sa miki albarka. Na ga shatin haƙoransa a damtsenki. Amma abin da kika ce bai faru ba. Yau na dawo makaranta na durƙusa na kira shi, ya leƙo ta bayanki, ya yi min bai-bai, ya mayar da kansa ya kwanta.

Na shiga banɗaki don kada Umma ta ga idona. Da na fito sai na gan ki kina kallon waya, wata mata tana rawa da yarinya a baya. Kika kife wayar, kika ɗauki tukunyar da na riga na wanke kika hau dirza.

Gaskiya har yanzu haushinki nake ji, Yaya. Idan ya kira sunanki sai in tashi in bar wurin. Umma za ta ce yarinta ce, Abba zai ce in yi karatu. A duk Jidda babu wanda zai gane abin nan sai ke.

Idan ba zai dame ki ba, ko kin yarda in sake rubuto miki?

Ƙanwarki,
Sajida